Sawun Ɗiyar Ƙanena

Ni ban taɓa fita neman riƙo ba, har gida aka kawo mani. Ƙanena da muke ciki ɗaya manomi ne a wani ƙauye kusa da Dosara, can ƙasar Maradun. Shekarar da mutanen daji suka hana su sakat, ya fita gona da safe, gawarsa aka dawo da ita. Ya bar matarsa da ɗiya guda, 'yar ƙarama da ba ta isa shiga makaranta ba. Da matar ta fita takaba, kawunmu ya ɗauko yarinyar a kan babur ya kawo ta Talata Mafara, ya tarar da ni ina tuyar ƙuli-ƙuli. Muka gaisa, muka sake gaisawa, aka tambayi gida da gajiya da ƙarin haƙuri, sannan ya turo ta gabana ya ce, "Ga ɗiyar ƙanenki, ki riƙe muna ita."

Ki riƙe muna. Bai ce mun ba ki ba. Ni kuwa mace ce mai tauna magana, sai in kwana uku ina juya kalma ɗaya a baki. Maigidana ya ce duk ɗaya ne, in daina neman fitina. Na ce masa wallahi ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce ka riƙe masa abu, akwai ranar da zai miƙo hannu.

'Ya'yana biyu maza sun girma sun bar gida, tsakar gidan ta yi mani faɗi. Yarinyar ta zo da kwarkwata cike da kai, tana fitsarin kwance, in ta ji ƙarar babura sun biyo layi sai ta shige ƙarƙashin gado. Na tsefe kan nan na wanke, na yi ta shanya tabarma, na yi ta jawo ta daga ƙarƙashin gado ina rarrashi. Da farko Gwaggo take ce mani. Wata rana ina tatsar mai sai na ji ta ce, "Inna, ba ni tunkuza." Na ba ta, na juya baya na share ido da bakin zane. Ina son yarinyar nan, so mai tsanani, kuma tun daga ranar na fara tsoron kowa.

Uwar ta yi aure a Bakura, ta auri wani mai fataucin awaki. Ranar kasuwa in mijin zai shigo Mafara sai ta biyo shi, ta wuni a gidana. Mace ce mai sanyi, cikin zurmemen hijabi kullum, Yaya take ce mani. Yarinyar ɗiyar fari ce, don haka ba ta kiran sunanta, ba ta taɓa ta, ba ta yi mata magana a gaban mutane. "Waccan" take cewa. Kunyar ɗan fari na san ta, ni ma na yi wa nawa. Amma tata kunyar tana da ido. Kai a sunkuye, ƙwayar idon kuwa tana bin yarinyar daga bakin rijiya zuwa madafa. Sai ta ce, "Yaya, waccan tana cin abinci kuwa?" In ce tana ci. A raina in ce, to, an fara bincike ke nan, so ake a ce na bar ta da yunwa.

Wata Talata cikin damina an yi ruwa da safe, tsakar gida ta yi laushi. Yarinyar ta yar da silifanta da igiyarsa ta tsinke, tana ta guje-guje ba takalmi, daga baya ta fice gidan maƙwabta. Na shiga ɗaki in damo wa baƙuwa fura. Ban san abin da ya sa na leƙo ta gefen labule ba. Sai ga uwar nan a tsugune daidai inda yarinyar ta taka, hannunta a ƙasa. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ƙulle wani abu a bakin ɗankwalinta, ta koma kan tabarma kamar ba ita ba.

Innalillahi! Ɗibar sawu a cikin gidana, da rana tsaka! Kowa ya san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum. A kai wa boka ya yi kiranye, mutum yana zaune lafiya sai zuciyarsa ta tashi, ba ya iya zama sai ya tafi inda aka kira shi. Na kawo furar. Ta sha, ta yi godiya, ni kuma ina kallon ƙullin nan. Tana fita na ɗauki tsintsiya na bi tsakar gida ina share laka, har maigidana ya shigo ya tsaya ya ce, "Ke lafiyarki? Taɓo kike shara?"

Daga nan na zama mai gadi. In yarinyar ta tsaya a zaure tana kallon hanya, sai in ce shi ke nan, abin ya fara ci. In ta ƙi tuwo, abin ne. Na yi ta tofa mata addu'a safe da yamma har ta fara kauda kai tana cewa ina jiƙa ta. Ran nan tana wasa da gwangwani ta ɗago ta ce, "Inna, Bakura da nisa?" Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, ta yi kuka, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa.

A Islamiyyarmu ta matan aure, malamarmu ta daɗe tana cewa masu riƙon yara su tsaya bayan an tashi ranar Alhamis. Tun da ƙauyuka suka watse, gidaje da yawa a unguwarmu akwai ɗan wani a ciki. Ni ban taɓa tsayawa ba. Na ɗauka irin masu zuwa su jera marayu su ɗauki hoto ne, kuma ba na son a san cikina. Amma wannan makon abin ya fi ƙarfina, na tsaya. Ashe ba kowa sai mu ya mu, a gindin dogon yaro, kowa da damuwarta. Wata jikoki ne a hannunta, wata ɗan maƙwabcin da ba a san inda danginsa suka nufa ba. Ana ta maganar fitsarin kwance da yaron da ba ya magana da yadda ake sa yaro makaranta in ba ubansa. Na ji kamar a gidana suke kwana. Duk da haka sai da na ƙare wa kowace kallo, ina auna wadda za ta kai zancena gaba, sannan na buɗe baki.

Ban rufe baki ba wata ta dafe ƙirji ta ce kiranye ne, ba ko tantama, in hana matar shigowa. Wata ta ce in rama. Malama ta ce mu ji tsoron Allah, zato ba kyau. Sai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, wadda ta riƙe 'ya'yan mutane tun kafin in yi aure, ta matso ta ce, "Ɗiyata, tsaya. Ƙasa kika ga ta ɗiba, ko tsinke kika ga ta karya?"

Na tuna akwai tsintsiya a gefen uwar ranar. Na ce ban ga ƙasa ba, ƙulli na gani.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Takalmi za ta saya mata. Ba ta iya kama ƙafar ɗiyar fari ta auna, ba ta iya tambayarki kar ki ce ta raina riƙonki. Sai ta auna sawu da tsinke."

Matan suka kwashe da dariya, ni ban yi ba. Na ce, "To ai takalmi ma na tafiya ne, Inna." Dattijuwar ta daina dariyar, ta dube ni, ta ce wannan kuma ba wanda zai amsa mani sai mai ɗiya. Ta ce ita yara biyu aka karɓe daga hannunta, wanda ya fi yi mata ciwo shi ne wanda ba ta tambaya ba sai da mota ta tsaya a ƙofa. Ta ce in ɗauki yarinyar da ƙafata in kai ta gaida uwarta, in tambaya baki da baki.

Ana saura kwanaki Sallah sai ga takalman, mijin uwar ya aiko da su a leda. Jajaye ne na roba, masu maɗauri a gefe. Sai da na shinshina su, na ɗaga shimfiɗar ciki ko an cusa laya, na wanke su da sabulu, sannan na bari ta sa. Cif suka yi mata, kamar a ƙafarta aka ƙera su. Ta yi ta tsalle a tsakar gida. Wannan daidai ɗin ma haushi ya ba ni, don ni da nake wanke ƙafar nan kullum, in na sayo sai ya yi mata yawa.

Bayan Sallah muka hau kabu-kabu zuwa Bakura, yarinyar a tsakiya ni a baya. Muka tarar da uwar a ɗakinta ba hijabi, a nan na ga abin da hijabin yake rufe mani. Ciki ne, har ya fito sosai. Take lissafi ya zo mani: mai jego tana son 'yar hannu, mai riƙe jariri, mai miƙo ruwa. Ga 'yar hannu kuwa na kawo da kaina, cikin jan takalmi.

Aka gaisa, aka kawo ruwa, yarinyar ta fita wajen yaran gidan. Ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Ki gaya mani tsakaninki da Allah, karɓe ta za ku yi?"

Ta daɗe tana murza bakin tabarma. Ta ce, "Maigidan ya ce in na sauka a ɗauko ta, ta riƙa kama mani. Ni na ce mashi a'a. Ta saba da ke, tana makaranta, ta yi ƙiba. Na ce ba yanzu ba."

Na ce, "Ba yanzu ba, sai yaushe?"

Na so ta ce har abada. Na so ta ce na ba ki, Yaya, duniya da lahira. Sai ta ɗago kai, karo na farko tun da na san ta, ta dube ni cikin ido, hawaye na zuba. Sai ta kira sunan yarinyar, sunan yanka, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ta ce, "Yaya, ni fa na haife ta."

Duk maganganun da na ƙullo tun daga Mafara suka zube. Ba boka, ba laya, ba abin da zan share da tsintsiya. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta fi asirin ba ni tsoro.

Da la'asar muka kamo hanya. Yarinyar ta jingino da ƙirjina, gashinta na ƙanshin man da uwar ta ba ni in shafa mata, don ita ba ta iya shafawa ba. Mun kusa shiga gari ta ɗago ta ce, "Inna, za mu sake zuwa?"

Na ce za mu sake. Na ƙara matse ta har ta ce ina ji mata ciwo.