Jirgin da Baba Barau Ya Hana Sada

Baba Barau, tsohon masinjan firamare a Sundimina, ya shekara talatin yana gadin wani kwali da wani malami ya bar masa. Ƙaramin jirgin sama ne na roba a ciki, gunduwa-gunduwa, sai an haɗa da gam. Duk ranar da ɗansa Sada ya miƙa hannu, sai ya ce, "Kul! Sai ka yi hankali."

Sada ya yi hankali har da gemu, ya tafi Fatakwal, sai dai a waya.

Bana Baba ya zauna haɗawa, ashe zafin kwano ya gasa robar. Fiffike ya karye kamar ƙuli-ƙuli.

"To direba," in ji matarsa Kubra, "yaushe za mu tashi?"

Bai yi dariya ba. "Da ma na bar yaron ya ɓata abinsa."