Mai Kankare Tambarin Man Kitso

A bakin wani shago daura da inda nake jiran mota, wata mata tana zaune a kujera 'yar tsugunno, da kwanon ruwan ɗumi a gabanta. Za ta kai shekara hamsin. Ɗankwalinta ya zame, ba ta ko damu ta gyara ba. Tana tsoma robobin man kitso a ruwan, tana kankare takardar jikinsu da farce. Kowace takarda da zanen jar tantabara.

Wata budurwa ta tsaya. "Inna, a ba ni mai tantabara."

"Ga shi nan, 'yata, man dai shi ne. Wani kamfani ya riga ni yi wa tambarin rajista, kotu ta ce in cire."

"Ba ke kika fara ba?"

"Tun kina goye. Ni dai ban san ana rajista ba."

Budurwar ta jujjuya robar, ta shinshina, ta ajiye a hankali. "Bari in duba gaba, Inna."

Matar ba ta kira ta ba. Ina jin ta gaji da rantsuwa a kan abin da hannunta ya haɗa. Ta yarfe yatsunta da ruwa ya yamutsa, ta jawo wata robar.