Fijon Hajiya Lubabatu

Duk Zongon Kwatano an san Wada da abu ɗaya: birki. In injinka ne ya lalace, ka nemi wani. Ya koyi aikin a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa, ya shekara talatin a ƙarƙashin motocin mutane, shi bai taɓa mallakar ko keke ba, kuma abin bai dame shi ba. Ya ci tuwonsa, ya yi sallarsa, ya ji motar da ya gyara ta tsaya inda aka ce ta tsaya, to duniya ta yi masa daɗi.

Bayan babban taron ƙasa na 1990, da aka ce waɗanda suka gudu su dawo gida, Hajiya Lubabatu ta aika a kira shi. Mijinta, Alhaji Abdulmalik, ya tsere Ikko tun zamanin juyin juya hali, shekara goma sha uku ke nan. Ya bar Fijo 404 a rumfar bayan gida, an toshe ƙofar da kwano don kada idon hukuma ya gan ta.

"Ran Asabar zai shigo ta iyakar Seme," in ji ta. "A motarsa nake so a ɗauko shi, Wada, ba a taksi ba. Injin an tayar jiya, amma ta ƙi motsi."

Motar tana sheƙi kamar amarya. Wada ya leƙa ƙarƙashi sai ya kama baki. Ƙafafu huɗun duk tsatsa ta manne su, man birki ya bushe, robobi sun farfashe.

"Hajiya, ruwa yana shiga rumfar nan ne?"

"Wane ruwa? Ni dai nake wanke ta duk Juma'a, har ƙafafun. Ban taɓa fashi ba."

Wada ya lissafa Juma'o'in shekara goma sha uku, ga iskar teku mai gishiri, tausayi ya kama shi. Sai ya ce a kawo kananzir.

Kwana huɗu yana fama. Ya jiƙa, ya bubbuga da guduma a hankali, ya goge tsatsa. Robobin kuwa sai da ya zagaye gari kafin ya same su wurin wani tsoho da ake kira Dramane, mai tara tsofaffin kayan mota. Ranar Juma'a Hajiya ta fito da bokiti, Wada ya ce yau dai a bar masa motar ta huta.

Asabar da safe shi ya tuƙa, don bai yarda wani ya fara taka aikinsa ba. Hajiya na baya, ta ƙanƙame jakarta. Sun wuce Seme-Poji, ba su kai iyaka ba, sai ga wani tsoho ramamme a gefen titi, da ƙaramar jaka, yana takowa a ƙasa. Wada bai ko dube shi sau biyu ba.

"Tsaya! Wada, tsaya, shi ne!"

Ya taka. Motar ta tsaya cak, ba ƙara, ba karkata, daidai gaban mutumin. Hajiya ta ɓalle ƙofa ta fita ko takalmi babu. Wada ya zauna abinsa, ƙafarsa na kan birki, yana murmushi, hawaye na zubo masa.