Bakaniken da Ya Ƙi Fasa Salansa

Kullum da safe yakan ɗaga ƙyauren garejin zuwa rabi, ya tsaya ya huta, sannan ya ƙarasa. Da can da hannu ɗaya yake ɗaga shi, yana gaisawa da ɗayan. Daga nan sai ya jawo benci bakin ƙofa, ya jera sifanoni a kan buhu, ya zauna ya yi tarinsa na safe. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya ce shi da wannan tarin yake sanin gari ya waye.

Mai Hanci ake ce masa a layin, kuma aikinsa ne ya ba shi sunan. In ka kai masa babur ba ya tambayarka abin da ke damunsa. Sai ya ce ka tayar, ya durƙusa a bayan salansa, bututun da hayaƙi ke fita, ya shaƙi hayaƙin, ya ce ringi ne ya cinye, ko kuwa kafireta na ba da mai fiye da kima. Mun daɗe muna yaba wannan baiwa. Babu wanda ya taɓa tambayar inda hayaƙin ke zuwa bayan ya gama ba da labarinsa.

Ya koyi sana'a a zamanin tsofaffin injuna, waɗanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Ƙarfe ne tsagwaronsa. Ka kwance inji, ka ɗaure, ka sake kwancewa, noti bai san ka taɓa shi ba. Babur yakan binne mai shi, ya shiga rabon gado. Aibinsu ɗaya ne: duk inda suka bi sai sun bar shuɗin hayaƙi a baya. Sai doka ta hana shigo da su. Waɗanda suka biyo baya hayaƙinsu kaɗan, ƙarfensu ma kaɗan. Kowace shekara sai an rage wani abu, inda ƙarfe yake a sa roba, har ta kai noti ya fi son a lallashe shi da a ɗaure shi. Daga baya kafireta ta tafi, injekta ta zo da wayoyinta, aka kuma cusa wani abu mai kama da saƙar zuma cikin salansa don ya tace hayaƙi. Mai Hanci bai taɓa yi wa sababbin ƙarya ba. Yakan ce, "Na da, kai za ka gaji ka bar shi. Na yanzu, shi zai gaji ya bar ka."

Nan da nan layin ya gano sabuwar sana'a: a fasa salansa, a zaro saƙar, a yi walda a rufe. Babur ya ƙara kuka, mai shi ya rantse ya ƙara gudu, hayaƙi ya dawo. Doka ta hana wannan ma, amma kowane gareji yana yi, ban da ɗaya. Masu haya da babur, waɗanda su ne abincinsa, suka soma zame jiki.

Mai faci ne ya ga ranar da surukin Mai Hanci ya zo, mijin babbar 'yarsa, shi ma ɗan haya ne.

"Baba, abin nan ya shaƙe mini babur. In na ɗauki mutum biyu a hawa, sai ka ce jaki mai ciki."

"Ɗauki mutum ɗaya."

"Baba, ai kowa ya cire nasa."

"A ina kake ɗumama shi da safe?"

"A tsakar gida."

"Wa ke tsakar gidan?"

Surukin ya sunkuyar da kai, ya ce ya gode, ya tura babur ya fita. A lungu na gaba aka fasa masa. Tun daga ranar, in zai zo gaisuwa, daga kan kwana yake kashe inji ya turo.

Mai faci ya ce, "Mai Hanci, ko surukinka ba ka samu ba."

Ya ce, "Na samu mana. Ba ka ga yana turowa ba? Yaron yana da kunya."

Aiki ya ragu har aka kai ranakun da sifanonin ke komawa akwati yadda suka fito. Uwar 'ya'yansa ta tambaye shi ko shi kaɗai aka ɗora wa wanke iskar gari. Ya ce a'a, shi dai hayaƙin da ya sha ya ishe shi, ba zai dafa wa wani ba. Lokacin da numfashi ya soma gagararsa, likita ya duba hoton ƙirjinsa ya tambaye shi tun yaushe yake shan taba. Bai taɓa kai ta baki ba.

Ƙarshen watan nan zai bar garejin. Wanda zai karɓi wurin har ya sayi injin walda.

Mai Hanci, kai ne ka fi kowa sanin cewa sababbin injunan nan ba su kai na da ba, amma ba ka mai da wannan hujjar karya dokar da ta zo maka a makare ba. Kai ne dokar ba ta tsinana wa komai ba, don kafin a rubuta ta huhunka ya riga ya biya. Waɗanda suka rubuta ta ba su san da kai ba, kuma ban taɓa ganinsu a layin nan ba. Ka tsare ta kai kaɗai, ba albashi, ba kaki, har ta cinye maka ciniki. Guduma fasa dutse aka saba yi wa kirari. Kai naka kirarin shi ne ka riƙe guduma ka ƙi fasawa.

Mun gode, Baba. Allah ya sauwaƙa maka numfashi, ya saka maka da abin da layin nan bai saka ba.

Mu kuwa masu babura, ba lambar yabo yake buƙata daga gare mu ba. Mu bar salansa yadda ta zo, ko da hawa zai ba mu wuya. Mutumin nan zai koma gida ya zauna a ƙofa, bakin titi. Iskar da zai shaƙa a sauran kwanakinsa, daga bayan baburanmu za ta fito.