Malam Iro da Kaskon Turaren Iya

Ran kasuwar Kiru wani falke ya tsaya da jakinsa a ƙofar gidana, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Malam Iro na asibitin Tudun Wada ya rasu jiya da la'asar." Na yi salati, na zauna a kan dakali, na daɗe ban tashi ba.

Dalilin sanina da shi 'yata ce, Rabi, wadda ta taso da ciwon fuka. In ya motsa, ƙirjinta sai ya riƙa kuka kamar ɗan kyanwa. Mahaifiyata, Iya, takan rufe ta a ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta zuba saiwoyi a kaskon wuta, ta lulluɓe ta da zane don ta shaƙi hayaƙin. Haka kowa ke yi. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a elementare, ni ke hura garwashin, ina kallon yarinyar tana ƙarewa.

Malam Iro kuwa yakan hau kekensa ya bi garuruwa, daga Bebeji har Doguwa, yana tambayar iyaye: yaushe ciwon ya tashi, me ake yi a gidan ranar, ina yaron yake kwana. Har aka sa masa suna Malam Tambaya, ni ma na taya dariya. Shi dai yakan ce, "Kowane ciwo da ƙofar da yake shigowa. A nemo ƙofar tukuna." Bayan shekaru yana wannan yawo, ya gano ƙofofi biyu: ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin ɗaki.

Ranar da ya zo gidanmu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Iya. Ta ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan turare."

Ya ce, "Gaskiya ne, Iya. Ki ba ni aron jikarki kaka ɗaya kawai. In ba ta ji sauƙi ba, ni zan zo in hura miki wutar."

Aka buɗe taga, aka raba Rabi da masussuka, aka ajiye kasko. Lokacin kaka ya zo ya wuce yarinya tana kan ƙafafunta. Da kanta Iya ta mai da kaskon na ruwan kaji, ta kuma bi maƙwabta gida-gida tana cire musu tsumma daga taga, sai ka ce ita ta gano abin.

Da na shiga gida da labarin rasuwar, Rabi ta jefar da taɓarya ta fashe da kuka. Kuka mai tsawo, mai ƙarfi, numfashi bai sarƙe mata ba ko sau ɗaya. Ina hawaye, ina gode wa Allah.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Yadda ya buɗe wa 'ya'yanmu taga, Allah ya buɗe masa tasa zuwa Aljanna.