Gadon da Na Kafa a Tsakiyar Hanyar Maradun

Ina sallame sallar asuba na bar Maradun, ranar Talata, a a-kori-kurar wani direba Labbo. Shekarun aikin madatsar Bakolori ne. Ina da ɗan shagon kayan ɗaki, na kuwa yi tunanin da zarar an biya manoma diyyar gonakinsu da aikin ya cinye, kowa zai nemi gado da katifa. Sai na tattara duk jarina na tafi saro. A ganina na fi kowa wayo.

Talata Mafara

Da hantsi muka isa. Na bi shagunan 'yan sari ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasa kwanoni in ji ko da mai tsagewa, ina danna katifu. Kaya sun yi wuta, don ma'aikatan dam sun ɓata kasuwa, ba su san tayi ba. A shagon wani Alhaji Bawa na ga gadajen ƙarfe masu rumfa, an yi wa sandunansu fenti ja da fari. Ya rantse mini mata sun daina kallon kore. Na tashi kamar zan tafi ko zai rage, mutumin nan ko gezau. Na dawo na saya. Aka kwance su, aka ɗaure sandunan dami-dami.

Bakura

Bayan azahar muka wuce Bakura na ɗauki tabarmi da kujerun mata. Wajen mai fura na ji ana cewa manoma sun tare hanyar dam, motar da ke ɗauke da kayan kamfanin da ke gina dam ɗin ba ta wucewa lafiya. Labbo ya ce mu kwana. Na hau shi da faɗa, na ce ni mene ne haɗina da kamfani? Ya tada mota. Amma furar ban iya shanye ta ba.

Hanyar gida

Da la'asar sakaliya, bayan mun ratsa Mafara mun kama hanyar Maradun, muka tarar da kututturai a gicce. Mutane tsaitsaye da gatura da kulake. Na yi sallama, aka amsa a gajarce. Wani ya hau bayan motar ya zaro sanda ɗaya ya ɗaga sama. A nan ne na tuna: da irin sandunan nan, ja da fari, 'yan awo suke kafa alama a gona kafin katafila ta shigo. Na ga wani ya nufi murfin tankin mai, Labbo kuwa sai salati.

Wani dattijo ya matso, ya ce, "Sandunan awo na. Gonaw wa ta yi saura?"

"Wallahi gado na, Baba."

"Kahwa shi mu gani."

Ni da nake kafa gado ina hira, ranar sai aikin ya nemi ya gagare ni. Noti ya faɗi cikin rairayi, na durƙusa ina lalube a gaban ƙafafun mutane, na san in ya ɓata, jarina da motar Labbo sun tafi. Allah ya sa na same shi. Labbo ya riƙe mini, na ɗaure, na ɗora katifa. Gado ya tsaya a tsakiyar hanya har da rumfarsa. Ba wanda ya yi dariya.

Dattijon ya danna katifar, ya zauna a hankali, ya tambaye ni wa na sayo wa. Na faɗi gaskiya, na ce su manoma na sayo wa, in an biya diyya.

Ya daɗe yana duban rumfar, sannan ya ce, "Ɗana, ɗakin da za a aza shi na ƙarƙashin ruwa."

Ya miƙe ya ce a ja kututture. Tsoro ya sake ni, kunya ta kama ni.

Ana kiran magariba muka shiga Maradun. Na gode wa Allah, na ba Labbo haƙuri. Ma'aikatan dam ne suka saye gadajen daga baya. Wanda dattijon ya zauna a kai kuwa, duk wanda ya taya sai in ce an riga shi.