Ranar da Jirgi Ya Faɗi a Filin Shanya

Ranar wata Asabar ce a 1984, shekarar da ruwan sama ya dawo bayan babbar yunwa, ina da shekara tara. Hantsi ya ɗaga, ina durƙushe a gindin darbejiya a bakin filin da muke kira filin jirgi, ina girkin wasa a gwangwanin madara. Miyata ganye ce da ruwan kwata, tuwona jar ƙasa. Abin da ya rage mini murhu ne, kuma filin an share shi tas, babu dutsen kirki. Na ɗaga kai sai na hango babban zanen gadon mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, shimfiɗe a kan ciyawa, ta danne kusurwoyinsa huɗu da duwatsu. Na je na ɗebo uku na bar ɗaya. A raina na ce ai babu iska, kuma da na sauke tukunya zan mayar.

Gidanmu a Maamobi, wata unguwa a babban birnin Gana, gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya da tsakar gida wadda tabarma uku ke cika ta. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Mosi, da mu da kakanmu ya zo daga Sakkwato da fataucin goro. Kowa da harshensa a ɗaki, amma a tsakar gida Hausa ake yi, a cakuɗa da Twi, harshen 'yan ƙasa, idan faɗa ya tashi. Igiyar shanya ɗaya ce, kuma a kanta aka fi yin faɗan. Shi ya sa ranar Asabar mata ke ɗora bahon wanki a ka, su tsallake babbar kwata, su nufi wani fili can inda gidajen manya suka fara. Filin na wani kamfani ne mai haƙar ma'adinai a cikin daji. Sun kewaye shi da waya, sun zuba siminti a tsakiya, jirginsu mai saukar ungulu yakan sauke manyansu a kai jefi-jefi. Wayar ta daɗe da ɓulewa ta wajenmu. Ta nan mata ke shiga da shanya, maza da ƙwallo, mu kuma mu yi ta wasan tsallen da ake kira ampe muna tafi har ƙafafunmu su yi futu-futu.

Abin da ke tsakaninmu da jirgin shi ne Baba Seidu maigadi, wani tsohon soja daga arewacin Gana, da usur ɗinsa. Idan an sanar da shi jirgi na tafe, sai ya zagaya yana busawa, mata su kwashe kaya, mu ma mu fice mu liƙe a jikin waya muna kallo. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. "Kai yarinya, fita, jirgi za ya zo," haka yake ce mana, mu yi ta kwaikwayonsa. Bayan wannan babu wanda ya taɓa gaya mana komai game da jirgin. Ba mu san ƙarfin iskar da yake turowa ƙasa ba, ba mu san ƙaramar farfelar da ke wutsiyarsa ta fi babbar haɗari ga wanda ke tsaye ba. A wajenmu abin kallo ne da ake ɗaga wa hannu.

Ran nan Baba Seidu ya tafi jana'iza a unguwar Nima, don ba a gaya masa za a zo ba. Mma da sauran mata sun koma gida ɗora abincin rana, aka bar mu da tsaron shanya. Yayata Rabi ce ta zo kirana. Shekararta goma sha biyar, tana koyon ɗinki wajen wata mata a unguwar Adabraka, kullum ta hau motar haya ta trotro da safe da almakashi a jaka. Ita ta ɗinka mini rigar da ke jikina ranar, daga ragowar ƙyallaye. Ta tsaya a kaina ta dubi girkina ta ce, "Hajara, tashi, Mma na kira." Ba ta rufe baki ba muka ji ƙarar.

Jirgin ya ɓullo ta bayan bishiyoyi, ƙasa-ƙasa. Yara suka watse wajen waya. Da ya fara sauka sai ciyawa ta kwanta, ƙasa ta shiga idanunmu, ƙananan kaya suka yi ta birgima. Na ga zanen Mma ya kumbura, ya fizge daga dutsen nan guda ya tashi. Yaya Rabi ta ture ni bayan darbejiya, ta ruga za ta kamo shi, don shi ne zanen gado mai kyau ɗaya da muke da shi. Ba ta kai ba. Zanen ya yi sama ya naɗe a wutsiyar jirgin. Ƙarar ta canza, jirgin ya shiga juyawa a wuri ɗaya, ya karkata, babbar farfelar ta daki siminti ta tarwatse. Da ƙura ta lafa, na ga Yaya zaune a ƙasa tana kallon hannunta na dama. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi ta ihu har mutane suka cika filin.

Matuƙin da mutumin da ya ɗauko sun fito da raunuka, amma da ransu. Yaya ta yi wata biyu a asibiti. Ɓallin ƙarfe ya yanke mata jijiyoyi, yatsun suka lanƙwashe, ba su sake riƙe allura ba. Aka kori Baba Seidu. Kafin Sallah ta zagayo kamfanin ya gina katanga mai tsawo da fasassun kwalabe a kai, abin da da an yi shi tun farko da ba wannan labarin nake bayarwa ba.

Amma a gidanmu ba kamfanin aka zarga ba, Mma aka zarga. Kowa ya san zanen waye. A bakin famfo ana cewa sakacinta ne ya nakasa 'yarta, ya kuma jawo mata suka rasa wurin shanya. Babanmu bai ɗaga murya ba, sau ɗaya ya tambaye ta, ina zaune ina tsince shinkafa. Ta ce, "Malam, wallahi na danne shi, duwatsu huɗu na sa." Ya kau da kai irin na wanda bai yarda ba. Na sunkuyar da kai cikin tire. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zama shekara, har na ji Mma da kanta ta fara cewa wataƙila mantawa ta yi, wataƙila ba ta sa ba. Daga nan ko tsumma za ta shanya sai ta koma ta duba sau biyu, sau uku. Ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare, ban gaya mata ba.

Sai bayan na yi aure na haihu na iya buɗe baki. Na sami Yaya a teburinta na koko da ƙosai, tana juya ƙosai a mai da hannun hagu, na faɗa mata komai. Ta kwashe ƙosan da ke wuta tukuna.

"Na sani," ta ce. "Na ga murhunki da na zo kiranki."

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Da farko na ce ke yarinya ce, kada a dake ki. Daga baya na zuba ido ki faɗa da bakinki. Ni hannu na rasa, na kuma saba. Mma ce ta yi ta jira a yarda da ita."

Ta sa mini ƙosai a takarda, ta juya ga mai saye.

Yau babu filin, benaye ne a wurin, kuma a gidanmu na dā kowa ya ɗaure igiyarsa a ƙofar ɗaki. Yaran unguwa ba sa tsallaka kwata neman wurin wasa, suna zaune da waya a hannu. Kwanan baya jikata ta nuna mini hoton wani jirgi irin wancan yana sauka a filin ƙwallo, mutane sun yi masa zobe suna ɗaukar hoto, mayafai na tashi, babu mai korar kowa. Na karɓi wayar na kife ta, na zaunar da yarinyar na ba ta labarin nan tun daga farko. Yanzu ina iya ba kowa shi, har na rubuta. Wadda ya kamata ta ji shi ce kawai ba ta ji ba.